Masu ɗinkin rigar filon kujera dan Allah ku taimaka min

Maman Ilham:
Assalamu alaikum matan gida. Ƙanwata za a kai ɗaki bayan sallah, shine nace ni zan ɗinka mata rigunan ƙananan filullukan kujera da kaina tunda ina da keke Butterfly a gida. Na sayo karammiski ruwan toka a Kantin Kwari, filon inci 18 ne, amma wanda na gwada ya fito kamar buhu, kusurwoyin sun tsaya ba komai a ciki, zif ɗin kuma sai lanƙwashewa yake. Yaya zan yi?

Ummu Khalil:
Wa alaikissalam. Inci nawa kika yanka yadin?

Maman Ilham:
20 Anti, saboda wajen ɗinki.

Ummu Khalil:
To ai nan gizo ke saƙar. Ki yanka 18 cif, ki ci rabin inci kowane gefe rigar ta koma 17, filon zai shiga da ƙyar amma zai cika fam ya zauna ɗas a kujera. Kusurwa kuma in kin kusa isa ki ɗan shigo da ɗinkin ciki kaɗan, sannan kafin ki juya ki datse tsinin yadin da almakashi, amma kar ki kai kan zare. In duk da haka akwai rami ki cusa 'yar auduga a kowace kusurwa, ba wanda zai sani.

Hajiya Binta:
'Yata karammiski kika ɗauko ai, shi yana da kwanciyar gashi, ki shafa da hannu za ki ji gefe ɗaya santsi ɗaya kaushi, duk ki yanka su suna kallon waje guda in ba haka ba in aka jera wani zai yi duhu wani haske, dangin ango su zaci yadi biyu kika haɗa. Kuma zamewa yake a keke, ki fara kama shi da allurar hannu tukun, ki sa allura lamba 16, kar ki ɗora masa dutsen guga ta fuska.

Maman twins:
Ni gaskiya ki rabu da zif ɗin nan. Bayan rigar ki yi shi gida biyu, kowanne 18 da 12, ki kalmashe bakinsu ɗaya ya hau kan ɗaya, ta nan za a dinga zura filon. Ranar wanki ma ya fi sauƙi, ba ruwanki da zif ya tsinke.

Ummu Khalil:
Wannan na zaman gida ne Maman twins, kayan jere kam zif ya fi tsari. Jan yadin Maman Ilham take yi shi yasa zif ɗin yake lanƙwashewa, ta bar keke ya ja da kansa, kuma ta fara sa zif ɗin a gefen ƙasa kafin ta haɗa sauran gefe ukun.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Yadin da ya rage ba zai isa duka gaba da baya ba, zan iya sa atamfa a bayan?

Hajiya Binta:
Ki sa, amma ki wanke ta tukun ki ga ko tana zuba, ruwan toka baya ɓoye rini. Allah ya sanya alheri a auren.