Mazauna Houston, yaya garin nan ya canja a kan idonku?

Sabon Zuwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Aiki ya dawo da ni Houston ta jihar Texas a Amurka, iyali kuma suna nan tafe. Dillalin gidaje ya dage sai ya kai ni can bayan garin Katy da ke yamma da Houston, wai nan gari ya dosa, ga gida sabo fil, ga kuɗi da sauƙi. Da na je, shanu na gani suna kiwo a hannun dama, a hagu kuwa rufin gidaje har iyakar ganin ido. Ku da kuka daɗe a nan, don Allah ku faɗa min abin da kuka gani kafin in sa hannu a takarda.

Dattijon Alief:
Wa alaikumus salam ɗana, barka da zuwa. Inda aka kai ka ɗin nan, gonakin shinkafa na sani a wurin, lokacin sanyi dinyoyin daji su sauka su rufe fili fari fat. Karatu ya kawo ni Jami'ar Texas Southern a farkon shekarun 1980, kuɗin mai na tashe, kowa na gini. Da farashin mai ya karye a 1986 sai garin ya yi tsit. Mutane suka riƙa barin gidajensu a hannun banki suna tafiya, masu gidajen haya har wata guda kyauta suke bayarwa don a shiga. Da haka muka samu shiga unguwar Alief. Turawa suka yi gaba, mu da 'yan Biyetnam da 'yan Meziko muka maye gurbinsu. Yau a titin Bissonnet babu abin miyar da za ka nema ka rasa, daga manja har busasshen kifi.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne masallatai. Da can sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka sami jam'i. A 2002 Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, ya buɗe masallaci a tsohon ginin banki a tsakiyar birni, na shiga na ga sahu a inda ake ƙirga kuɗi da, sai da na yi ƙwalla. Wanda ya fi ɓata min rai kuma Third Ward ce, unguwar baƙaƙen fata da ta riƙe mu muna ɗalibai. Dogayen gidaje masu tsada sun tsiro a tsakiyarta, haraji ya hau, jikokin mutanen da suka ciyar da mu suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

Maman Khalifa:
Ƙanena, ni maganar ruwa zan yi maka. Gidanmu yana bayan madatsar Barker, kuma da muka saya an ce mana ba ya cikin taswirar ambaliya, don haka banki bai nemi inshorar ruwa ba. Da guguwar Harvey ta zo a watan Agustan 2017, ruwan sama ya fara sauƙi, har mun ce an tsira. Sai ga ruwa yana tasowa daga titi a hankali, ba igiya ba ƙara, ya haye matakala, ya shigo falo. Na ƙulle fasfo da takardun yara da Alƙur'ani a leda na ɗora a kai. Wani maƙwabci da ko gaisawa ba mu cika yi ba shi ya fitar da mu a kwalekwalensa na kamun kifi, Allah Ya saka masa. A masallacin da aka mayar masauki muka yi Babbar Sallah. Da muka koma, sai da aka yanke bangon gidan kaf daga ƙasa zuwa ƙugu, kujeru da katifu muka tara a bakin titi, kowane gida da tsibinsa. Warin nan har yau in hadari ya haɗu sai na ji shi a hancina.

Injiniya:
Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ya same ku yana da tushe. Madatsun Addicks da Barker an gina su ne a shekarun 1940 don su kare tsakiyar birni, a lokacin bayansu daji ne. Filin da gwamnati ta saya bai kai faɗin inda ruwa zai iya kwantawa ba, sauran kuma aka yanka shi fuloti. Ga ƙasar shimfiɗe take, ga ta yumɓu, ciyawar da ke riƙe ruwa an rufe ta da siminti. Houston ba ta da dokar ware unguwannin zama da na kasuwanci, sau 3 masu zaɓe suna ƙin ta, a 1948 da 1962 da 1993. Mutanen birnin da kewayensa sun tashi daga kusan miliyan 4.7 a 2000 zuwa sama da miliyan 7 a 2020. Bayan Harvey, a 2018, gundumar Harris, inda Houston take, ta amince da bashin dala biliyan 2.5 don ayyukan magudanai, ni kaina na yi aiki a wasu, amma gini ya fi mu sauri. Malam, ka kuma tambayi harajin MUD (hukumar ruwa da magudana) na sabuwar unguwar, da shi ake biyan bashin famfo da magudana, yana iya cinye sauƙin da ka gani.

Direban Dare:
Yaya, ka lissafa hanya. An faɗaɗa babbar hanyar Katy Freeway an gama a 2008, a wani wurin layi 26 ne in ka haɗa da na gefe, amma da yamma motoci a tsaye suke cak. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2004 bai leƙo wajen ba. Hanyoyin kewaye kuma sai ka biya, Beltway 8 kuɗi, Grand Parkway kuɗi. Zumunci ma ya ji jiki, suna a Richmond can kudu maso yamma, ta'aziyya a Spring can arewa, dole ka zaɓi ɗaya.

Anti Nas:
Kada ku tsorata bawan Allah. Garin nan ya rufa mana asiri. A Texas Medical Center nake aiki, unguwa guda ce ta asibitoci zalla, kuma da albashin jinya na sayi gida mai ɗaki huɗu, abin da ƙawayena na New York ba sa ko mafarkinsa. Jihar Texas ba ta cire harajin albashi, a kan gida take fanshewa. Janareta dai ka saya, kamar kana Kano. Sanyin Fabrairun 2021 da wuta ta ɗauke, a mota muka riƙa ɗumama yara a waje, guguwar Beryl kuma a Yulin 2024 ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 babu wuta cikin tsananin zafi.

Maman Khalifa:
Na manta ban faɗa ba. Tun 2019 doka ta tilasta wa mai sayar da gida ya rubuta ko ruwa ya taɓa shiga, da ko gidan yana cikin makwancin madatsa. Sabon ginin da ba a taɓa zama ciki ba bai shiga wannan dokar ba, don haka kai za ka bincika. Ka je unguwar ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya riga kowa tarewa ka tambaye shi inda ruwa ya tsaya. Inshorar ambaliya kuma ka yi ta ko banki bai nema ba.