Mun tsaya a kan "gurnani": Hausar kalmar fuzz ta masu jitar lantarki

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa. Mako biyu ke nan ina farautar kalma guda. Ƙanena ya fara koyon jitar lantarki, kuma tun ran da ya ji kiɗan Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita ɗan Amurka, bai ƙara samun sukuni ba, shi dai jitarsa ta yi irin wannan kukan. Ya ce, "Yaya, mene ne sirrin?" Na buɗe baki zan yi masa bayani da Hausa, sai na tarar kalmar da maganar ta rataya a kanta ba mu da ita. Turawa na ce mata fuzz. Na tambaya a nan, kun kawo shawarwari, Allah ya saka da alheri. Yau zan faɗi inda na tsaya da dalilina.

2/ Saboda wanda bai taɓa riƙe abin ba: jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da ke ba da amo irin na gurmi ko garaya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta kaɗa, sai wata 'yar wuta ta taso a wayar, ta bi igiya zuwa amfilifaya, daga nan zuwa lasifika. A tsakanin jita da amfilifaya ake jera ƙananan akwatuna a ƙasa, makaɗi na taka su da ƙafa don sauya muryar jitar. Sunan akwatunan babu gardama a kansa. Feda ce. Tela na taka feda, mai keke na taka feda, kalmar ta daɗe da zama tamu.

3/ Abin da fedar fuzz ke yi, ga yadda na kwatanta wa yaron. Ka je awo a kasuwa, an cika maka mudu ya yi tozo. Wannan tozon shi ne sautin jita yadda ya fito, mai lanƙwasa, yana hawa a hankali yana sauka a hankali. Amfilifaya kuwa mudu ce, tana da baki, akwai iyakar abin da za ta ɗauka. In an matsa mata kaɗan, sai a ɗan shafi kan tozon, sautin ya yi kauri ya yi ɗumi. In kuwa aka tura wutar har ta ninka abin da mudun zai ɗauka, sai a shafe tozon ƙaf, ya koma daidai da baki, mai kusurwa. Kusurwoyin nan su ne kunne ke ji kamar ana yaga ƙyalle. Kuma da yake ko tsirkiya ta fara lafawa mudun a cike yake, sai sautin ya yi ta jan numfashi, ya ƙi mutuwa, kamar na goge muddin baka na kan tsirkiya. Shafewar ƙaf ɗin nan ita ce fuzz.

4/ Shawarar da ta fi yawa ita ce "gurɓataccen sauti", wasu suka ce "jirkitaccen sauti". Na san inda aka samo ta, fassarar kalmar injiniyoyi ce daga ƙamus. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin asalin abin lalacewa ce. A farkon shekarun 1960, a wani ɗakin ɗaukar waƙa a birnin Nashville na Amurka, wani sashe na na'ura ya sami matsala ana tsakiyar ɗauka, jitar ta fito da wata murya mai kaushi. Aka bar ta a faifan, mutane suka so ta. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya haɗa 'yar na'urar da za ta riƙa fitar da wannan muryar da gangan, kamfanin Gibson ya fito da ita kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ba ta yi kasuwa ba sai a 1965, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya kaɗa da ita duniya ta ji.

Amma ku duba yadda muke amfani da "gurɓata". Ruwa ke gurɓata, tarbiyya ke gurɓata, iska ke gurɓata. Babu Bahaushen da zai sa kuɗinsa ya sayi abin da zai gurɓata masa kaya. In na ce wa yaro "ƙara gurɓata", na riga na gaya masa cewa abin da yake so aibu ne. Kalmar ta ba da labarin haihuwar sautin, ta manta da abin da ya zama da ya girma.

5/ Kuma mu ba baƙin wannan ɗanɗano ba ne, wannan shi ya fi damuna da waccan fassarar. Kuntigi, irin wanda Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi, ana maƙala masa ɗan faifan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sanda don ya riƙa kaɗawa tare da tsirkiya. Ganga ana gitta mata igiya a kan fata don ta riƙa ziza. Muryar algaita ma ba sumul take ba. Makaɗanmu da gangan suke sa wa sauti yashi a ciki, kuma ba wanda ya taɓa cewa sun gurɓata shi. Kenan kalmar tana nan cikin harshen, nemo ta kawai za a yi.

6/ "Dusashewa" ta zo daga mutum uku. Ba ta zauna ba. Muryar da ta dusashe ƙarfinta ya tafi. Fuzz ƙarfi yake ƙarawa.

7/ Wani malami ya kawo "buzu-buzu", kuma wallahi na yi kwana biyu ina juya ta. A Turanci asalin ma'anar fuzz gashi ne mai laushi da ya tashi tsaye, kun ga ma'ana ta zo daidai, ga kuma ƙarar "z" a ciki. Malam, na yaba da kunnenka. Abin da ya sa na ajiye ta, wani ɗan'uwa daga Agadas ya tuna mini cewa kalmar na taɓa sunan da Hausawa ke kiran Abzinawa da shi. Su kuwa su ne suka fi kowa riƙe jitar lantarki a yankinmu. Makaɗin jita Bombino ɗan Agadas ne. Mdou Moctar ma ɗan Nijar ne, bahago kamar Hendrix, kuma Stratocaster, irin jitar da Hendrix ke riƙewa, yake kaɗawa. Kalmar da za ta sa makaɗi a Agadas ya tsaya yana tunanin ko da shi ake, ba za ta yi mana aiki ba.

8/ Saura uku, duka daga bakin dabbobi: ƙugi, ruri, gurnani. A nan na daɗe, sai da na koma na saurari Hendrix da kunnen mai neman suna.

Ya isa Landan a Satumbar 1966, shekarar da kamfanin Arbiter na can ya fito da feda mai suna Fuzz Face. Zagayayyiya ce kamar faifai, da mamurɗai biyu kamar idanu da abin takawa kamar hanci. A ciki tiransista 2 ne kawai da 'yan ƙananan kaya da ba su kai 10 ba, sai batir mai bolt 9. Daga ita sai amfilifayar Marshall mai wat 100, a buɗe har ƙarshe. To a kiɗansa murya biyu ce ke cuɗanya, kuma duk mai son kwaikwayonsa dole ya raba su a kunnensa.

Ta farko ta Marshall ce ita kanta, lokacin da aka matsa wa kwalaben lantarki masu ƙara ƙarfin sauti da ke cikinta har suka fara shafar tozo. Tana bin hannu: ka daki tsirkiya da ƙarfi ta taso, ka sassauta ta kwanta. Wannan ita Turawa ke kira overdrive, ni kuma na ga ba abin da ya dace da ita kamar ruri. Sa na ruri, wuta ma na ruri, kuma muna da aikatau a shirye: rura. "Rura amfilifayar." Duk wanda ya taɓa zama gaban murhu ya fahimci cewa ana nufin a ƙara mata iska har ta kama.

Ta biyu ita ce ke shigowa in ya taka Fuzz Face. Ba daga ƙirji take fitowa a buɗe ba. A maƙogwaro take, haƙora a haɗe, tana karkarwa, tana da tsakuwa-tsakuwa a ciki. Zaki in ya yi haka, ko kare in ya tsare ƙofa, me muke cewa? Gurnani. Ku furta kalmar ma ku ji yadda harshe ke kaɗawa a tsakiyarta.

Ƙugi kuwa na raƙumi ne da babbar mota a kan tudu. Ya yi ƙasa da yawa. Ya dace da tsirkiyoyi masu kauri, amma ba zai ɗauki ihun sirarar tsirkiya ba.

9/ Na gwada kalmar yadda ake gwada takalmi, wato a taka a gani. "Taka gurnanin." "Rage gurnani, ana waƙa." "Fedar gurnanina ta cinye batir." "Jitar nan ba ta gurnani sosai." Ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Na gwada a kan mahaifiyarmu, wadda ba ruwanta da jita. Na kunna mata kiɗan da Hendrix ya yi a bikin waƙa na Woodstock, safiyar Litinin 18 ga Agusta 1969, inda ya kaɗa taken Amurka ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, jitar na kwaikwayon jiragen yaƙi da faɗuwar bama-bamai. Na ce, "Inna, me abin nan yake yi?" Ta ce gurnani yake yi kamar an taka masa wutsiya. Ban gaya mata kalmar ba.

10/ Masu cewa a bar shi "faz" kawai, kamar yadda muka ari jita da feda da amfilifaya, ban raina hujjarku ba. Aron sunan kayan da aka ƙera a waje ba laifi ba ne. Amma wannan abu ne da kunne ke ji, kuma a fannin sunayen ƙara Hausa ba ta da talauci. Ga shi kuma "faz" a bakinmu "fas" zai koma, ya haɗu da na jarrabawa.

11/ Ƙanena, da duk mai bin wannan sawun, ga amfanin raba sunayen. Ka fara samun ruri kaɗan a amfilifaya, sannan ka ɗora gurnani a kai. In ka tura Fuzz Face cikin amfilifayar da ba a rura ba, ƙarar za ta fito siririya kamar ta zanzaro. Sannan babban sirrin yana jikin jitar ne: mamurɗin ƙararta. A 10 zakin na gurnani. Ka mayar da shi wajen 7, sai gurnanin ya janye, muryar ta fito garau tana ƙyalli, ba tare da ka taɓa fedar ba. Haka Hendrix ke sauka daga ihu zuwa raɗa a cikin waƙa guda. Ka sassauta tsirkiyoyi duka da rabin mataki, wato muryarsu ta ɗan sauka kaɗan, haka ya fi yawan yi. Kuma ka tuna bahago ne da ya kifa Stratocaster ta masu dama ya sake jera tsirkiyoyin, don haka maganaɗisun da ke karkace kusa da gada, wato inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, ya juye masa: tsirkiyoyi masu kauri suka ƙara kaifi, sirara suka ƙara taushi. Sauran kuwa yatsu ne, ba a sayar da su a kanti.

12/ Wani gargaɗi na mutanen ƙasar zafi. Fuzz Face na farko da tiransistan jameniyam aka yi su, waɗanda zafi ke sauya wa hali. Fedar da ta yi daɗi da asuba za ta iya shaƙewa da azahar a watan Afrilu. Daga baya kamfanin ya koma na silikon, masu tsayayyen hali da ɗan ƙarin kaifi. A yanayinmu su nake ba da shawara.

13/ Akwai wadda ban warware ba. Fedar da ake lilo da ita da ƙafa, jita ta riƙa buɗe baki tana rufewa, wadda Vox suka fitar a 1967, sunanta na Turanci, wah-wah, in an furta shi da Hausa "wawa" yake komawa, kuma bai kamata a kira kayan aikin mutum haka ba. Wata 'yar'uwa ta kawo "fedar wayyo". Tana burge ni, don bakin mai cewa wayyo yana buɗewa ya tsuke kamar yadda sautin ke yi. Ina jiran ra'ayin masu takawa kafin mu tsayar.

14/ Jiya mai gyaran rediyon unguwarmu ya gama haɗa wa ƙanena tasa fedar a cikin gwangwanin alawa, da tiransistan silikon 2 da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Ya ɗauki alƙalamin fenti ya tambaye ni me zai rubuta a ƙarƙashin mamurɗan. Na ce na hagu "ƙara", na dama "gurnani".