Yaya zan gyara tsarin ɗaga ƙarfe ba tare da tsokata ta zube ba?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu horarwa da likitocin ƙashi, da duk wanda ya manyanta yana ɗaga ƙarfe.

Shekaruna 48, kuma na fi shekara 15 ina atisaye kwana biyar a mako. Tun bara kafaɗata ta dama take ciwo duk lokacin da na kwanta a benci na tura kilo 80, sannan gajiyar da barcin dare ɗaya yake kawarwa a da, yanzu takan kwana uku a jikina. Na sauko zuwa kilo 60, ina ɗagawa sau 12 a kowane zagaye. Ciwon ya lafa, amma damtsena yana raguwa, kuma wannan ne ya fi damuna.

Na san Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, sai dai ma'auni ne na lafiyar kowa da kowa. Shin atisayen kwana uku a mako zai riƙe mini abin da na gina? Kuma furotin nawa ya kamata mai nauyin kilo 78 ya samu a rana, idan ƙwai da wake da kifi ne abincinsa?