Ruwan da ke saura bayan ƙwayoyi sun fito: me kuke yi da shi?

Ɗalibar kemistiri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya a ɗakin gwaji mun narkar da kofa salfet, wani sinadarin jan ƙarfe, a ruwan zafi, muka bar shi ya huce, shuɗɗan ƙwayoyi suka fito, muka tace. Ruwan da ya sauka ta takardar tacewa bai daina zama shuɗi ba. Malaminmu ya ce ruwan uwa ake ce masa, ya kuma hana mu zuba shi a magudana. Waɗanda suka taɓa aiki da irinsa, me kuke yi da shi?

Malamin sakandare: Wa alaikis salam. Shuɗin nan da kika gani kayanki ne da bai fito ba. Ruwa yana sakin abin da ya fi ƙarfinsa ne kawai, sauran yana riƙe da abinsa. Ni da fotasiyam naitiret nake nuna wa yara. Giram 100 na ruwa mai zafin digiri 60 yana narkar da kusan giram 110. Idan ya huce zuwa digiri 20, kimanin giram 32 kaɗai zai iya riƙewa. Ke nan wajen giram 78 ne zai fito, 32 na cikin ruwan uwa. Nakan sa su ɗora shi a wuta ya ƙone zuwa rabi, su bari ya sake hucewa. Ƙwayoyi na biyu suna fitowa, sai dai ba su kai na farko tsabta ba, don duk dattin da na farko suka bari a cikin ruwan nan ya taru. Hana ku zubarwa kuma daidai ne, sinadarin jan ƙarfe guba ne ga kifi.

Tsohon ma'aikacin kamfanin sukari: Malam, mu a wurinmu wanda ya zubar da shi ai ya zubar da aikinsa. Ana dafa ruwan rake har sukari ya yi ƙwaya, a juye a injin da ke juyawa da gudu, ƙwayoyin su tsaya a jikin raga, ruwan mai kauri ya fice. Shi ne molasis. Ba a rabuwa da shi nan take, mayar da shi tukunya ake yi a sake dafawa, yawanci har sau uku. Na ƙarshen baƙi ƙirin ne, mai yauƙi da ɗan ɗaci, har yanzu da sukari mai yawa a cikinsa amma ya ƙi fitowa ko me za ka yi. Masu kiwo suna saye su gauraya wa shanu abinci, wasu kuma su yi itanol da shi. Warinsa yana kama tufafi, uwargida ta sha ƙorafi. Masu mazarƙwaila kuwa ba sa raba komai, ƙwaya da ruwan tare suke daskarewa, abin da ya sa ta yi ja-ja-ja ke nan, ta kuma fi farin sukari ƙamshi.

Ɗan zango daga Gana: Na yi dakon gishiri a Ada, bakin tafkin Songor. Gishiri ba ruwansa da hucewa, sai rana ta shanye ruwan yake kwantawa. Ruwan da ya rage a kansa, na taɓa ɗanɗanawa: ɗaci kamar maɗaci, ga santsi a hannu. Gishirin da ba a bari ya tsane daga wannan ruwa ba, jiƙa buhu yake yi, 'yan kasuwa su karya masa farashi.

Malamin sakandare: Ɗan uwa, ɗacin nan na maganiziyam ne, shi ke jawo danshi daga iska. Kuma a irin wannan ruwan ne wani Bafaranshe, Antoine Balard, ya gano sinadarin buromin a 1826, daga ragowar ruwan gishirin yankin Montpellier. Mutanen Japan ma da shi suke daskarar da madarar waken suya, suna ce masa nigari.

Mai awara: Ikon Allah! Ashe awarar Japan da ruwan gishiri ake haɗa ta. Mu dai ruwan tsami muka sani, ko alif in an matsu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ƙanwata, ni abin da na fi fama da shi wurin ɗalibai shi ne wanke ƙwayoyin. Ruwan uwa yana manne a jikinsu, in ya bushe a kai dattin ya dawo. A ɗauraye da ruwa mai sanyi ƙwarai, ɗan kaɗan. Wani yaro ya taɓa kwarara wa nasa ruwan ɗumi, yana kallo suka narke suka bi ta takardar. Kuma Malam, ƙari a kan maganarka: ƙwayoyi na biyu ba na bari a haɗa su da na farko. A auna su daban, a rubuta daban. Ruwan uwan kuma a zuba a kwalba, a liƙa mata suna da kwanan wata, kada a zubar sai an auna abin da aka samu an ga lissafi ya fita.

Ɗalibar kemistiri: Na gode ƙwarai. Namu yana nan a kwalba amma ba mu rubuta komai a jiki ba. Gobe zan liƙa takarda, in nemi izinin malaminmu mu sake ɗora shi a wuta.