Me za mu ce wa heliks da Hausa? Darasi jibi ne

Injiniyan Aboabo: Salamu alaikum. Jibi zan koya wa yaran makera na Suame Magazin, unguwar masu aikin ƙarfe da gyaran mota da ke Kumasi, yadda ake zana yanka mai zagaya bututu a kwamfuta, kuma Hausa suka fi ji. Heliks ne ya tsaya min, wato layin da ke zagaye yana yin gaba kamar tiredin noti. Dole in raba shi da sifayiral da ke kwance wuri ɗaya, don a manhajar zane ta SolidWorks maɓalli guda suke, nan yara ke ruɗewa.

Hajiyar Asawase: Sifayiral ai faifai ne, ɗinkinsa daga tsakiya yake buɗewa. Ɗayan kuma ka ce murɗiya.

Masta Walda: Mu dai sifirin muke cewa a shago, yankan sifirin, kowa ya gane.

Malam Tsohon Zango: Sifirin ba Hausa ba ce. Tufka! Duk wanda ya taɓa ganin ana tufka igiya ya san yadda zare ke hawa yana murɗewa, kalma tana nan tun kakanni kuna ta aro.

Injiniyan Aboabo: Allah ya gafarta Malam, tufka zare biyu ko uku take so, ni kuwa layi ɗaya ne. Kuma ga inda abin yake, bututun milimita 25 ne, faɗin yanka milimita 3, da na sa tazarar zagaye ita ma 3 sai manhaja ta ƙi, don kowane zagaye yana taɓa na bayansa, ba naman ƙarfe ko kaɗan a tsakani. Da na mayar 8 ta yanka lafiya. To ita ma wannan tazarar suna take so.

Masta Walda: Ka ce taku. In taku bai fi faɗin yanka ba, ba aiki. Ka kuma gaya musu siffar da za ta yi yankan ta ɗan zarce fatar bututu ciki da waje, in ta tsaya daidai kan fata nan ma ƙi take yi.

Malam Tsohon Zango: Har yanzu ba a ba ni hujjar ƙin tufka ba. Tufka ɗaya, tufka biyu, ga lissafin zagaye ma ya fito.

Bakano a Nima: Ku bari a tambayi mutanen gida mana, Hausar nan taku da ba ta raba mace da namiji ita za ta raɗa wa abu suna?

Hajiyar Asawase: Kai ɗan nan yi a hankali. Alhaji Umaru na Kete Karaci a ƙasar nan ta Gana ya zauna yana rubuta waƙoƙi har ya rasu a 1934, je ka karanta.

Bakano a Nima: A Kano aka haife shi fa Hajiya.

Injiniyan Aboabo: Don Allah lokaci. Na ɗauki faifai da taku. Heliks zan rubuta murɗiya a allo, a baki in ce sifirin.

Malam Tsohon Zango: Murɗiya da ciwon ciki za su haɗa ta. Amma je ka, darasinka ne. Ni a wurina tufka ce.