Bindiga ɗaya da za ta yi mini farauta da wasan harbin faifai: wacce zan ɗauka?

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar nan. Lasisina ya fito, na tanadi akwatin ƙarfe mai makulli na ajiya, saura bindigar kanta. Ƙarfina bai wuce guda ɗaya ba, kuma aiki biyu nake so ta yi mini: farautar tsuntsaye da zomo, har da agwagwar ruwa idan lokacinta ya kama, sai kuma wasan harbin faifan nan da inji ke cillawa sama, wanda na fara zuwa da bindigar aro. Kaina ya ɗaure, domin wani ya ce in sayi mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya, wani ya ce mai ɗura kanta, wani kuma ya ce mai ja-da-hannu, wadda ake jan marikinta na gaba don ɗura harsashi, ta ishe ni. Sannan girman baki, geji 12 ko 20? Ni ba mai jiki ba ne, kuma ta aron nan tana bar mini tabo a kafaɗa da kunci. Don Allah ku taimaka.

Tsohon maharbi

Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye maganar iri tukuna, mu fara da abin da ba a jayayya a kansa. Ɗauki geji 12. Faɗin bakinta kusan milimita 18.5 ne, na 20 kuma kusan 15.6, wato lamba na hawa baki na tsukewa. Ba don 20 ba ta kashe tsuntsu ba, tana kashewa sarai. Amma 12 ita ce ake yi wa harsashi iri-iri, daga mai sauƙi na giram 24 har mai nauyi na agwagwa, sai ka zaɓi wanda ya dace da ranar. Kada ka ɗauka 20 za ta rage maka bugun kafaɗa. Galibi jikinta ya fi sauƙi, kuma bindiga marar nauyi ta fi naushi. Geji 12 mai ɗan nauyi da harsashi mai sauƙi ta fi tausaya wa kafaɗarka.

Sai mazaunin harsashi. Akwai na inci 2¾, da na inci 3, da na inci 3½. Nemi na inci 3, wato milimita 76, domin yana karɓar nasa yana karɓar gajere. Na 3½ ba ka da buƙatarsa a abin da ka lissafa. Dogon harsashi kuwa ba a sa shi a gajeren mazauni ko da ka ga kamar ya zauna, domin bakinsa na buɗewa ne lokacin harbi, kuma idan bai sami wurin buɗewa ba matsin da ke ciki zai wuce ƙima. An rubuta tsawon a jikin bututun, ka karanta da idonka.

Tsawon bututu inci 28. Mai 26 ta fi saurin juyawa a cikin duhuwa, mai 30 ta fi bin faifai a natse, 28 ta tsaya tsakani.

Abin da ke mayar da bindiga ɗaya ta yi aiki biyu kuwa shi ne cok, ɗan bututun da ake murɗawa a bakinta don a matse ko a sake ƙwayoyin da ke cikin harsashi. Ana auna shi ne a yadi 40, a zana da'ira mai faɗin inci 30. Buɗaɗɗen baki yakan zuba kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin a ciki, matsakaici kusan 60, matsattse kusan 70. Duk wadda ba a sauya mata cok, ka bar ta, komai kyanta.

Mai koyar da harbin faifai

Baba ya gama magana a kan geji da cok, ba ni da ƙari. A kan iri, ni ina tare da mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Malam, ka lura da yadda wasan yake. A sikit, faifan na fitowa daga ɗakuna biyu, na sama da na ƙasa, yana gilmawa a kusa, wani lokaci biyu a tare. A tiraf kuwa gudunka yake yi, yana ƙara nisa. Faifan nan duka faɗinsa milimita 110 ne. Mai baki biyu tana ba ka cok biyu a lokaci ɗaya: buɗaɗɗe a ƙasa don harbin farko na kusa, mai ɗan matsi a sama don na biyu da ya yi nisa. A daji ma haka tsuntsu yake yi, idan ka kuskure shi da farko ya riga ya ba da tazara.

Ba ta zaɓen harsashi, mai sauƙi da mai nauyi duk ɗaya ne a wurinta, tunda ba ta dogara da ƙarfin harsashi wajen ɗura wani ba. Kuma idan ka karya ta, wato ka buɗe ta a tsakiya, ka rataya a hannu, kowa a filin yana gani da idonsa cewa ba za ta tashi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake cuɗanya da sababbin shiga. Irin su Beretta 686 da Browning Citori, wadda kamfanin Miroku na Japan ke ƙerawa tun 1973, sun daɗe a hannun mutane, kayan gyaransu ba sa wuyar samu.

Mai farautar agwagwa

Malama, a yi mini afuwa, a nan kam mun raba hanya. Ya faɗa da bakinsa cewa bugu na damunsa, kuma ya ambaci agwagwa. Mai baki biyu duk ƙarfin harsashin a kafaɗa take sauke shi lokaci guda. Mai ɗura kanta da ke aiki da hayaƙin albarushi tana ɗiban wani ɓangare na hayaƙin ta tura ƙarfen da ke fitar da kwanso, sai bugun ya zo a shimfiɗe, kamar turi maimakon naushi. Wanda ya wuni yana harbin faifai ya san bambancin da yamma. Tun da Remington 1100 ta fito a 1963 ake cin gasa da irin wannan, yanzu ga su Beretta A300 da A400.

Ga kuma harsashi na uku da take ɗauka, wanda mai baki biyu ba ta da wurinsa. Sannan bakin ruwa laka ne da raɓa da sanyi. Wa zai so ya jefa katako mai sheƙi a cikin kwalekwale? Mai jikin roba ka goge ta ka wuce.

Gaskiya ɗaya, tana son wanki. Ƙananan ramukan hayaƙin da fistin ɗin suna tara baƙi, idan ka yi sakaci za ta fara riƙe kwanso. Akwai wata irin da ke aiki da ƙarfin bugun kansa, ita ba ta datti haka, sai dai wasu daga cikinsu ba sa son harsashi mai sauƙi sosai, irin na filin wasa. Ka gwada kafin ka biya.

Kada a manta da maganar dalma. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita a duk ƙasar tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana ta a fadamu daga 2023. Saboda haka ka tabbata bindigar da cok ɗinta an yarje musu ƙwayoyin ƙarfe. Ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma, bai kamata a tura shi ta matsattsen cok da ba a yi don shi ba, matsakaici ya isa. Yawan harsashin da aka yarda bindiga ta ɗauka ma doka ce, a Amurka uku ne ga tsuntsaye masu ƙaura. Ka tambayi hukumar da ta ba ka lasisi abin da ya shafe ka.

Wani ɗan'uwa

Ba wanda ya tsaya wa mai ja-da-hannu, to ni zan tsaya mata. Remington 870 tun 1950 ake yin ta, ga Mossberg 500, ba sa gajiya, ba sa zaɓen harsashi, kuma su ne mafi sauƙin saye. Abin da ya rage maka sai ka zuba a harsashi da koyo. Na yarda idan faifai biyu suka fito tare sai hannunka ya ƙware, kuma ja ɗin kan ɗan kawar da kai daga saiti. Amma ana koya.

Mai gyaran bindiga

Duk kun yi magana mai kyau, amma akwai abin da ya faɗa da ya fi tsaya mini: tabo a kunci. Ƙanena, wannan ba laifin geji ba ne, bindigar ce ba ta dace da jikinka ba. Irin wannan bindiga ba ta da saitin baya, idonka shi ne saitin. Idan gindinta ya yi maka tsawo, ko inda kunci ke kwanciya bai yi daidai da fuskarka ba, za ka riƙa ɗaga kai ko danna fuska don ka ga layin bututun, sai ta tashi ta same ka. Kuma harbinka zai riƙa tafiya sama ko gefe kana cewa hannunka ne.

Ga yadda za ka gane. Ka tabbatar babu komai a ciki, ka duba da ido ka taɓa da yatsa. Ka rufe idanu, ka ɗaga ta zuwa kunci sannan kafaɗa, sai ka buɗe. Idan idonka ya faɗa a tsakiyar layin, kana ganin ɗan ɗigon da ke baki ba tare da ka gyara wuya ba, ta karɓe ka. Tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyanta a sami kamar faɗin yatsu biyu. Yawancin na kanti an yanka gindinsu wajen inci 14 da 'yan kai, wanda kan yi wa mai ƙaramin jiki yawa. Nan ne masu ɗura kansu na zamani suka yi fice, domin da yawa suna zuwa da 'yan faranti da ake sawa tsakanin gindi da jiki a karkata shi ko a sauke shi. Na mai baki biyu sai an kawo wa irinmu.

Abu ɗaya kuma, tunda kana zuwa fili inda ake haɗa geji daban-daban: kada harsashin 20 ya taɓa shiga aljihun da kake zuba na 12. Idan ya faɗa cikin bututun 12 yakan zarce ya maƙale a gaba, mutum ya ɗauka babu komai ya ɗura na 12 a bayansa, bututun ya fashe a hannunsa. Shi ya sa galibi ake yi wa na 20 launin rawaya.

Mai tambaya

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na yi gwajin rufe ido da ta aron, lallai sai na miƙa wuya kafin in ga layin. Zuciyata ta karkata ga mai ɗura kanta ta hayaƙi, geji 12, inci 28. Malama, da wane cok da wane harsashi zan fara?

Mai koyar da harbin faifai

Tunda bugu ne damuwarka kuma agwagwa na cikin lissafi, ban ga aibin zaɓinka ba, Malam. Ka fara da cok mai bin buɗaɗɗe, wato wanda ya ɗan fi shi matsi, ka bar shi a ciki har hannunka ya zauna, da harsashi mai giram 24 ko 28, ƙwaya lamba 8 ko 7½. Na zomo da manyan tsuntsaye lamba 6 ko 5, nan ma lamba na sauka ƙwaya na girma. Ranar farko ka kafa babbar takarda, ka ɗiga alama a tsakiya, ka ja baya ka harba yadda za ka harbi tsuntsu, ba tare da dogon saiti ba. Inda ƙwayoyin suka taru zai nuna maka ko faranti na buƙatar sauyi. Ka zo da abin toshe kunne da tabarau, kuma a fili kada ka ɗura fiye da biyu, ka bar ƙofar harsashin a buɗe har sai ka tsaya a wurin harbi.