Neman takardun zama ɗan ƙasa na kakana, na rasa inda zan dosa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata uku ke nan ina bin wannan magana, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Kakana tafinta ne a nan Damagaram, tun zamanin da Zinder ke babban birnin Nijar, kafin a maida shi Yamai. Tsofaffin gidanmu a Birni sun dage cewa ya samu zama cikakken ɗan Faransa da dokar ƙashin kansa, tun kafin dokar Lamine Guèye ta 1946 da ta bai wa kowa. Shaidar da ke hannuna guda ce: wata takarda da na tarar a ƙasan adakar gwaggona, gara ta cinye gefen da lamba take, shekarar ma 192 kawai ya rage.

Na je wani ofishi nan cikin gari sau biyu, aka ce rajistocin wancan lokacin ba su nan. Na koma intanet, na bincika Journal officiel, jaridar gwamnatin Faransa, a Gallica, shafin intanet na babban ɗakin karatun ƙasar, tunda a ciki ake buga irin waɗannan dokoki. Nan na maƙale. Turawa sun rubuta sunansa Mahaman a takardar, mu Mamman muka sani, ga kuma Mahamadou da Mamadou. Duk na gwada, ko dai babu komai, ko sunaye su fito rututu daga Senegal da Mali.

Kuɗin mota ba su kai in yi ta yawon lalube ba. Wanda ya taɓa irin wannan bincike ya taimaka: fayil ɗin mutumin Zinder da ya nemi zama ɗan Faransa a shekarun 1920, a ina yake ajiye, Yamai, Dakar ko Aix-en-Provence a Faransa?